Yatsun Inna da Tabarmar Aurena

Inna masaƙiyar tabarma ce. A ƙauyenmu, can tsakanin Buza da Babankatami, babu macen da ba ta iya riƙe kaba ba, amma in dillalan Madawa suka zo, tabarmarta suke fara warewa. Ba ta yawan ado. Layin ja biyu, baƙi ɗaya, sauran fari, sai dai saƙar a matse take, ko ka ɗaga ta ga rana haske ba ya wucewa. Tun da babanmu ya rasu, da yatsun nan goma ta ciyar da ni da ƙanwata, da su ta riƙe ni har na zama malamin lakwal, wato makarantar boko.

Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Ina yaro, “kai wanga” nake. Da aka ɗauke ni aiki aka tura ni wani ƙauye a ƙasar Keita, sai ta sami mafita, ta koma ce mini Mushe, yadda ƴan lakwal suke kiran malaminsu. Ba ta kallona ido da ido, ba ta zama tabarma ɗaya da ni. In tana son ta san ko na ƙoshi, ƙanwata za ta tambaya, ina zaune ina ji. Amma duk abin da ya fito daga bakina ya zauna ke nan. In na ce damina za ta yi jinkiri, ba mai taɓa iri a gidan. Ni kuwa abin yana mini daɗi, har ina ƙara fankama. Mutum ya san sunan manyan biranen duniya, sai ya ɗauka ya san kome.

A shekarata ta uku ta aiki, majon gidan likitan da ke kusa da mu, wato babban ma'aikacin jinyarsu, ya zo lakwal ɗinmu da wata babbar takarda mai hotuna, zai yi wa yara bayanin kuturta. Baƙo ne a ƙasar, Hausarsa ba ta nuna ba, sai ya riƙa yi da Faransanci ni ina juyawa. Ina so a riƙe wannan: duk abin da aka faɗa ranar, da bakina ya shiga kunnen yaran.

Da bakina na ce musu kuturta ba gado ba ce, ba baki ba ce, ba haɗa kifi da nono ke kawo ta ba. Wata ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, dangin wadda ke kawo tarin fuka. Tana bin numfashin wanda ya daɗe da ita bai sha magani ba, kuma yawancin mutane jikinsu yana ture ta. Ba ta gaggawa, tana iya shekaru a jiki ba a sani ba. Tana farawa da tabo mai haske a fata, ba ƙaiƙayi, ba zafi, in ka goga masa auduga mai shi ba ya ji. Daga nan ta gangara jijiya, hannu da ƙafa su mutu da ji. Yatsun da ake gani sun gutsure, wuta ce da ƙaya da miki suke cinye su, don mai su ba ya jin zafi balle ya janye. Magani yana nan, kyauta, kuma da an fara sha mutum ya daina ba wani. Abu ɗaya majo ya maimaita har sau uku, ni ma na maimaita sau uku: jijiyar da ta riga ta mutu ba ta dawowa, saboda haka a yi sauri. Har na rubuta a tablo, allon bangon aji, yara suka kwafa.

Da aka yi hutu bayan girbi na tafi gida. Washegarin zuwana da hantsi, Inna tana zaune gindin aduwar tsakar gida tana saƙa, ta juya mini baya kamar kullum. Mayafinta ya zame. A bayan kafaɗarta ta dama na ga tabo, faɗin tafin hannu, ya fi sauran jikinta haske. Akwai wani ƙarami a damtse.

Na daɗe ina kallo. Sai na zaro silin kaba ɗaya daga cikin damin da ke gefenta, na miƙa hannu a hankali na goga tsininsa a tsakiyar tabon. Ba ta motsa ba. Na sake, na ɗan danna. Yatsunta suna ta tafiya abinsu. Na matsar da silin gefe kaɗan, inda fata take lafiya, ina taɓawa ta kai hannu ta kaɗe, ta ɗauka ƙuda ne. Ba wai zato na yi ba, sani na yi, sarai.

Ta ja mayafin ta rufe, ta ce da ƙanwata wadda ke surfe a can gefe, “Ke, tambayi Mushe. Wanga tabo da yah hito mani, mi na na? Ba shi ƙaiƙayi, ba shi komi.”

Na ce, “Ƙyasbi na, Inna. Zan kawo miki man shahwawa.”

Ko numfashi ban ja ba kafin in faɗa. Wannan ne yake ba ni tsoro da kaina har yau, yadda ƙaryar ta fito sumul kamar na kwana ina haddarta.

Ga dalili, in har za a kira shi dalili. A lokacin ina neman aure a Madawa. Yarinyar na sadu da ita wajen horon malamai, ita ma aikin koyarwa za ta yi. Babanta tsohon soja ne da ya koma noman albasa a fadama, mutum mai ƙarancin magana da nauyin ido. Kawuna ya riga ya kai goron tambaya, suka ce an ji, a ba su lokaci. Kowa ya san abin da lokacin yake nufi. Za su tashi wani a ɓoye ya zo ƙauyenku, ya zauna bakin kasuwa kamar mai neman awaki, ya yi ta jan tsofaffi da hira. Shin akwai hauka a gidan? Akwai farfaɗiya? Akwai mai dogon hannu? Akwai babban ciwo? Haka ake ce wa kuturta, ba a son kama sunanta. Hauka ana iya cewa iska ce, sata a ce halin mutum ɗaya ne. Babban ciwo kuwa ba a yafe shi. Na san wani gida a ƙauyenmu da ƴan matansu suka tsufa a ɗakin uwarsu saboda kakan da ko ganinsa ba su yi ba.

Kuma na san in na kai Inna likita a Buza, zancen ya fita. Bencin gidan likita ba ya riƙe asiri. Duk wata sai ta je karɓar magani, maganin kuma yana duhunta fata, mai ido zai gane. Sai na zauna na yi wa kaina huɗuba mai daɗi. Na ce ciwon nan ba ya gaggawa, ai ni na faɗa wa yara. Na ce wata uku ne kawai, a ɗaura aure in kai ta. Har ƙanwata na jawo cikin hujja, wai ita nake karewa kada ta rasa miji. Ƙarya nake. Kaina nake karewa.

Wata uku ba su tsaya a uku ba. Baban yarinyar ya ce sai an cire albasa. An cire, ya ce damina ta kawo jiki, a bari a yi girbi. An yi girbi, aka yi musu rasuwa a gida, ba wanda zai yi zancen biki. Duk lokacin da aka ɗaga, nakan ji zuciyata ta ce, to kai ta yanzu mana. Sai wata zuciyar ta ce, ka yi haƙurin wata takwas, ka ɓata shi don saura biyu? Da haka aka doshi shekara biyu.

Duk hutu sai na zo da man shafawa daga kantin magani a Madawa, mai kwali da rubutun Faransanci. Inna tana ajiye shi cikin kwallarta ta kayan Salla, tana lakata kaɗan-kaɗan kada ya ƙare. Duk hutu kuma sai na tarar da sabon abu. Wata rana na ga ta sauke tukunyar miya daga murhu da hannu tsirara, ba tsumma. Matan maƙwabta da suka shigo aron turmi suka kwashe da dariya, suna cewa wannan hannu nata ai ƙarfe ne. Ita ma ta yi dariya. Ni ma na yi, Allah ya gani na yi. Da yamma na ga bororo a tafin hannunta ya fashe, tana ta aikinta ba ta ma lura ba.

Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu, ƙawar kakata ce, mai baki kamar reza, tun ina yaro muke wasa da ita tana ce mini mijinta marowaci. Ita kaɗai ta kusa tona ni. Ta kama hannun Inna ta juya, ta duba damtsen, ta ce, “Wagga aba hwa ba ta yi mani kama da ƙyasbi ba. Na ga ƙyasbi, na ga wanda ba ƙyasbi ba. Ku dai tahi likita a duba.”

Inna ta janye hannunta ta ce, “Yo ke kin hi Mushe sani? Mushe yac ce ƙyasbi na.”

Tsohuwa ta dube ni. Nan take na hau ta da faɗa. Na ce tsofaffin ƙauye ba su da aiki sai jawo wa gidan mutane mugun baki, na ce in ta kuskura ta fita da wannan zance waje ni da ita ne. Matar da ta goya ni. Ta ɗauki sandarta ta fita, kuma ba ta sake yi mini wasan miji ba har ta koma ga Allah. Ba ta faɗa wa kowa ba. Da mai neman awakin ya zo, don ya zo ɗin, wani dogo mai tambayar da ta fi ta mai saye, ita ce ma aka ce ta fi kowa yabon gidanmu.

Da aka sa rana, Inna ta ce ba za a shimfiɗa wa amaryar Mushe tabarmar kasuwa ba. Ta zaɓi kaba da kanta, ta tsaga, ta rina, ta jiƙa, ta fara saƙa. Wanda bai taɓa riƙe kaba ba bai san gefenta yana yanka ba. Mai saƙa tana jin kaifin a yatsa, sai ta sassauta ta juya silin. Inna ta daina ji. Ga shi ƙaramin yatsanta da na kusa da shi sun fara lanƙwashewa, ba sa miƙewa, har tana kama silin da haƙori ta ja. Aikin da take gamawa cikin kwana goma ya ci mata fiye da wata biyu.

Da na zo, ta sa ƙanwata ta warware mini layin saƙar in gani. A kan farar kabar akwai ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa, nan ɗaya, can biyu, har ƙarshen layi.

Inna ta ce, tana kallon katanga, “Ki ce mai shi yi haƙuri. Ban san sa'adda kabar taka yanka ni ba, sai dai in ga jini. Na goge, bai hita ba. In amarya ba ta so, sai in sake wata.”

Na ce, “A'a, Inna, ta yi kyau. Ba a ma gani.”

Ranar biki Inna ta ƙunsa lalle har wuyan hannu, baƙi wuluk, ya rufe miki ya rufe tabo. Ni na sayo lallen. Aka ɗaura aure, aka kawo amarya, aka shimfiɗa mata tabarmar.

Da a ce washegari na ɗauki Inna na kai ta likita, da ina da ɗan abin da zan riƙe in kare kaina. Ban kai ta ba. Na ce in aka ji yanzu, za a ce ɓoyewa muka yi, a bari ƙura ta lafa. Muka tafi Keita ni da matata, muka yi wata huɗu.

Matata ce ta gani. Hutun farko da muka zo tare, ta ɗebo ruwa za ta zuba wa Inna ta wanke hannu, lalle ya riga ya koɗe. Ta ajiye butar, ta kama hannun biyu, ta daɗe tana dubawa. Wani yatsa ya kumbura yana ruwa, har yana wari. Ta same ni a zaure ta ce, “Ka ga hannun Inna kuwa? Wanga ba ƙyasbi ba na. Mu ma an yi muna bayani lakwal ɗinmu.”

Na buɗe ido na ce, “Haba dai?” Har da dafe ƙirji. Da wasan kwaikwayo na shiga da na yi suna.

Kafin in ce a dakata, ta riga ta buga wa babanta waya. Na zauna ina jiran saƙon a mayar masa da ɗiyarsa. Washegari kafin azahar sai ga shi da kansa, ya ɗauko motar da ke kai masa albasa kasuwa. Ya shiga ya gaida Inna, ya durƙusa, ya karɓi furar da ta miƙo masa da hannun nan, ya kafa kai ya sha har ya ga gindin ƙwarya. Sannan ya fito ya same ni.

Ya ce, “Mi kaka ɓata rai? Wanga ciwo na awa kowane ciwo. Wana uwa ɗaya uba ɗaya ya yi shi. Munka kai shi likita tun yana tabo, yash sha magani, ga shi can yanzu ya hi ni noma. Yatsa guda bai rasa ba.”

Na kasa ɗaga kai. Na ce, “Baba, na ɗauka wanda kunka aiko bincike...”

Ya ce, “Ni abu biyu nas sa shi tambaya. Yaron shina salla? Shina kula da uwatai? Yad dawo yac ce mani, ƙauyen nan dut babu ɗan da yah hi ka kula da uwa. Ko hutun kwana ukku anka ba ka, sai ka taho mata da magani.” Ya dafa kafaɗata. “Shi ya sa nab ba ka. Tashi mu tahi.”

A gidan likitan Buza, majon da muka tarar ya sa Inna ta rufe ido. Ya goga auduga a tabon, ya bi tafin hannunta da bakin biro, wuri-wuri, yana cewa ta nuna inda ta ji. Tana ta jira a fara, alhali an gama. Ya tambaye ta tun yaushe tabon ya fito. Ta ce ita ba ta riƙe kwanaki, a tambayi Mushe. Na ce bai daɗe sosai ba.

Ya dube ni ta saman madubin idonsa. Ya juya harshe zuwa Faransanci don kada ta ji, ya tambaye ni aikin da nake yi. Na faɗa masa. Ya ce, wannan hannu ba na watanni ba ne, malam. Ya sunkuya ya ci gaba da rubutu. Na so a ce ya zage ni.

Mikin ya riga ya kai ƙashi. Aka cire mata gaɓa biyu a yatsa ɗaya na dama, gaba ɗayan ƙaramin, da kan manuniya ta hagu. Sauran sun tsira, amma a lanƙwashe, kuma ba ji. Ta sha magani shekara guda cur, ba ta tsallake rana ba, fatarta ta yi duhu ta dawo ta washe. Ƙwayar cutar ta mutu, majo ya ce ta warke sarai. An duba ni da ƙanwata, ba a ga kome ba. Zance ya fita a ƙauye kamar yadda na ji tsoro. Wasu mata suka janye ƙwaryarsu na ɗan lokaci, wasu suka daina aiko yara ɗaukar wuta, daga baya suka gaji suka dawo. Ƙanwata ta yi aure a Allakaye, ɗiyanta huɗu. Abin da na sayar da hannun uwata don gudunsa, iyakarsa ke nan.

Inna ba ta sake saƙa ba. Ta gwada, silin yana zamewa. Yanzu in mata sun taru gindin aduwa da kabarsu, takan zauna cikinsu tana gyara musu da baki, nan kin sassauta, can kin tsallake. Wani lokaci in hira ta ɗauke hankalinta, sai in ga hannuwanta a kan cinya suna motsi su kaɗai, sama da ƙasa, babu kome a cikinsu.

Tabarmar tana ɗakinmu har yanzu, gefe ya fara zarewa amma tsakiya ko gezau. Matata a kanta take salla. Ta ɗauka ɗige-ɗigen rini ne ya fantsama, ban gyara mata ba. Ita ma ban gaya mata sauran ba, ko da yake wani lokaci in zancen ya taso takan yi mini wani kallo da ba na so.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne labarin da Inna take bayarwa. Duk baƙuwar da ta zo ta ga hannun, sai ta ce, “Mushe yak kai ni likita. Ba don shi ba, da dut sun tahi.” Ta manta motar surukina, ta manta wayar matata. Ni take gani.

Sau ɗaya na yi ƙarfin hali. Ranar Salla ƙarama ce, bayan an sauko idi, muna tsakar gida ni da ita da matata. Na ce, “Inna, ranar nan da kit tambaye ni tabon nan, nic ce miki ƙyasbi na...”

Ba ta bari na kai ƙarshe ba. Ta juya wajen matata ta ce, “Ki ce ma Mushe shi bar sa abin ga rai. Shi malamin yara na, ba lokotoro mai duba marasa lahiya ba na. Ina za shi sani? Da ya sani, ai ko kwana guda ba shi bari in yi.”

Bakina a buɗe yake, maganar tana kan harshena. Kalma biyu ce kawai: “Na sani.” Na dubi gefen fuskarta, tana murmushi, ta gama wanke ni tas. Na haɗiye.

Sai ta ɗaga hannuwan nan biyu kamar yadda take yi duk Salla, abin da ya rage na yatsu yana kallon sama, ta shiga sa mini albarka. Allah shi ba ka ɗiya masu jinƙai. Allah shi sa su kula da kai awa yadda kak kula da ni.

Matata ta ce amin. Inna ta dakata, hannu a sama, tana jiran nawa.

Na ce amin.